Yadda ake zama da wanda harshensa ya yi nauyi, daga bakin wanda ya yi jinya a Agege

Shekara biyu kenan da 'yan watanni tun da Kawuna ya faɗi a banɗaki da asuba a gidanmu na Agege, shanyewar ɓarin jiki ta same shi, kuma tun daga ranar maganarsa ba ta dawo yadda take ba. Dillalin albasa ne fa a kasuwar Mile 12 ta Legas, sana'ar da duk jarinta baki ne, mutumin da in yana ciniki tun daga bakin titi kake jiyo muryarsa, yau sai ga shi ruwa ma sai ya nema sau uku kafin a gane abin da yake so. Ni na fi zama da shi, ni nake kai shi asibiti, to abin da na koya a wurin masu aikin da wanda na koya bayan na tafka kuskure, su zan jero a nan ko wani zai amfana.

Kafin komai, in abin farat ɗaya ya zo, wato mutum yana lafiya ƙalau sai ka ga bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe kamar ya cika baki da tuwo mai zafi, to wannan ba lokacin shawara ba ne, asibiti za a nufa. A Legas ana kiran 112 ko 767, in ka ga motar asibiti za ta daɗe ka tari ko wace mota ce. Duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya fara domin shi likita zai fara tambaya, akwai allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa amma cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, kuma sai an yi hoton kai an tabbatar toshewa ce ba fashewar jijiya ba, shi ya sa ma kada ka ba shi asfirin da ka. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko wani jiƙo, maƙogwaron da ya kasa magana sau da yawa ya kasa haɗiya, sai abin ya wuce huhu. A yi addu'ar a cikin mota. Mu dai mun zauna har hantsi ana cewa iska ce ta buge shi a banɗaki, ana turare ana tofi, kafin mu fita kuma ga gosulo, wallahi har yau in na tuna awannin nan sai raina ya ɓaci.

To an wuce wannan, an sallamo ku, kun dawo gida da mutumin da ba a gane maganarsa. Mataki na farko, ka san wace iri ce, don ba duka suka zama ɗaya ba kuma kowace da yadda ake bi da ita.

Akwai wadda likitoci ke kira disatiriya, ita ce ta Kawu. A nan kalma tana nan daram a kansa, ya san me zai ce, naman da ke aikin ne ya raunana ko ya sandare: leɓe, harshe, ganɗa, maƙoshi, har da numfashin da ke tura muryar. Sai ka ji magana tana fita a cakuɗe, ko ta hanci, ko can ƙasa-ƙasa, ko numfashi ya ƙare masa a tsakiyar jimla, wani kuma yawu na zuba. Akwai afraksiya, ita kuma naman lafiyarsa lau, tsarin da ƙwaƙwalwa ke aikawa ne ya rikice, sai ka ga mutum yana lalube da baki yana neman inda zai ɗora harshe, ya faɗi kalma daidai yanzu, an jima ka ce ya maimaita ta gagare shi. Abin da ke rikita 'yan uwa a nan shi ne, mai afraksiya zai iya amsa sallama tas, ya karanta Fatiha, ya ƙirga ɗaya zuwa goma, amma ka tambaye shi me zai ci ya tsaya cak. Sai a fara cewa ai yana iyawa, taurin kai ne ko shagwaɓa. Ba haka ba ne, abin da baki ya haddace shekara da shekaru yakan zubo da kansa, wanda za a ƙirƙira yanzu shi ne wahalar. Sai ta uku, afeshiya, wadda ita ba ta motsin baki ba ce, yaren ne kansa ya taɓu, kalmomi su ɓace masa ko ya kasa fahimtar abin da ake faɗa, karatu da rubutu ma su samu matsala. Mutum ɗaya zai iya haɗa biyu ko ma duka ukun. I'ina kuma da muka sani tun yarinta daban take, kada a haɗa su.

Gwajin da za ka iya yi a gida kafin ka ga ƙwararre: miƙa masa biro da takarda. Ranar da na yi wa Kawu haka, ɓarin hagu ne ya shanye don haka damansa na aiki, sai ya rubuta min da ajami, tsaf, sunan wani mutum da ya karɓi buhu goma sha biyu bai biya ba. Ɗakin ya yi tsit. Kwana tara ana magana a kansa kamar ba ya nan, ana "ai Alhaji sai addu'a, ba ya gane mutane", ashe yana jin kowa, har lissafin bashinsa yana riƙe da shi.

Kuma ba shanyewar ɓarin jiki kaɗai ke kawo wannan ba, duk da ita ta fi yawa a manyanmu saboda hawan jinin da ba a aunawa. Buguwar kai tana kawowa, yaranmu nawa suka faɗi a kan okada ba hular kwano suka tashi da harshe mai nauyi. Ciwon Fakinsin mai sa karkarwa yana cinye murya a hankali, shi ne ya kama Muhammad Ali ɗan damben Amurka a 1984, mutumin da bakinsa ya yi suna kamar damtsensa, ya ƙare da ƙyar ake jin sa har ya rasu a 2016. Stephen Hawking masanin kimiyya na Ingila kuma, wanda wata cutar jijiyoyi daban ta kama, da kwamfuta ya riƙa magana shekaru da dama, yana koyarwa yana rubuta littattafai. A yara kuma akwai waɗanda ƙwaƙwalwa ta taɓu wajen doguwar naƙuda ko shawarar jarirai da aka yi sakaci da ita, su taso jiki a sandare magana a ja.

Mataki na biyu, nemi likitan magana. Akwai su, sana'a ce mai zaman kanta, sai dai ba su da yawa a ƙasar nan. Fara da manyan asibitocin koyarwa, LUTH a Idi-Araba, unguwar da Hausawa ke da yawa ma, ko LASUTH a Ikeja, ka roƙi likitan da ke duba shi ya rubuta muku takardar turawa, galibi ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro ake bi ko ta wajen masu fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi. Kada ka ɗauka gashin ƙafa da hannu ya wadatar, mu wata uku muna zuwa fisiyo kafin wata nas ta ce mana ai baki ma da nasa mai aikin. Kuma da wuri ya fi, watannin farko bayan faɗuwar su ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin murmurewa, duk da ana ci gaba da samun sauƙi bayan nan.

Ga inda Legas ke da tata matsalar. Likitan maganar da muka samu Bayarabiya ce, mai kirki da haƙuri, amma ba ta jin Hausa, Kawu kuma Turancinsa na kasuwa ne, sai ta ba shi kalmomin Turanci ya maimaita ya kasa, ba don baki ba, don bai san su ba. Abin da ya fisshe mu, na ce mata Madam ki gaya min sautin da kike so ya motsa, ni zan kawo kalmar Hausa. In ta ce na leɓe, sai in kawo baba, mama, biyar, buhu. In ta ce na bayan harshe, kuka, koko, goro, kaka. Na kan harshe, tattasai, dala, tumatir. Na kuma yi mata bayanin ƙ da ɗ da ɓ da ts, tunda ba ta da su a yarenta ba za ta san sun lalace ba. Don haka kada a tura shi da yaro ɗan rakiya kawai, wanda zai je ya zama mai jin yaren biyu ne kuma ya ɗauki bidiyon atisayen a waya in ta yarda, don a maimaita a gida.

Mataki na uku ba nasa ba ne, naka ne, kuma a ganina shi ne rabin aikin. Gyara wurin kafin ka ce ba ka ji. Kashe talabijin, rage rediyo, in janareton maƙwabta na ruri a bayan taga ku koma ɗaya ɗakin, fanka mai ƙara ma tana cinye muryar da dama ba ta da ƙarfi. Zauna gabansa, fuska da fuska, inda akwai haske, domin za ka yi mamakin yawan abin da ido ke tsinta a leɓe. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, ba irin zaman dubiyarmu ba da mutum takwas ke jefo "ya jiki" tare. Kuma dan Allah a daina ɗaga masa murya, ba kurma ba ne, a daina yi masa maganar yara, dattijo ne mai jikoki.

Sai babban laifin da kusan kowa ke yi, ni ma na yi shi har na gaji: gyaɗa kai kana "eh, haka ne Kawu, Allah ya sawwaƙe" alhali ba ka gane komai ba. Kunya ce ke sa mu, muna ganin rashin ladabi ne ka ce wa babba ya maimaita. To yana ganewa. Wata rana ya yi min magana doguwa na ce "to Kawu, in sha Allah", ya kalle ni ya juya fuska bango, sai daga baya na gane cewa yake maganin hawan jininsa ya ƙare tun jiya. Daga ranar na canza. Yanzu abin da nake yi, in maimaita masa iya abin da na kama, in bar masa giɓin kawai. In ce "Kawu na ji ka ce gobe, na ji ka ce Mile 12, wa za a kira?" Kaga kalma ɗaya zai sake faɗa maimakon ya ɗauko jimlar tun daga tushe, ƙarfinsa bai tafi a banza ba. In sau biyu ya faɗa ban kama ba, ba ma yin na uku, sai mu canza hanya: ya rubuta, ya nuna, ko in yi tambayar eh ko a'a. Tambayar ma da dabara, fara da babba ka gangaro, maganar jiki ce? ta abinci? ta kuɗi? ta wani mutum? Kuma ku tsayar da alama ɗaya ta eh da a'a wadda duk gidan suka sani, kada Hajiya ta san matse hannu, yara su san ɗaga gira.

Koya masa shi ma ya fara da kan magana. Ya ce "abinci" tukunna, ko "kasuwa", sannan ya shiga bayani. Wannan ya fi muhimmanci a Hausa fiye da yadda nake zato, domin yarenmu da hawa da saukar murya da jan wasali yake rarrabe kalmomi, kuma su ne lalurar ke fara shafewa, murya ta koma layi ɗaya. Gari na zama da gari na tuwo a bakin Kawu yanzu ɗaya ne, kuka ta miya da kukan hawaye ɗaya ne. In na san kan maganar miya ce, shikenan ba sai na yi ta lalube ba.

Maganar ƙarasa masa jimla kuwa, tambaye shi. Wani yana so don ya huta, wani ji yake kamar ka ƙwace masa cokali a hannu. Kawu ya yarda ni in ƙarasa masa in muna mu biyu, amma a gaban baƙi ko kusa.

Mataki na huɗu, atisaye a gida. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi, mu minti goma muke yi sau biyu ko uku, bayan ya karya da safe da kuma bayan la'asar, da dare bakin ya gaji ba ma taɓawa. A zaune yake a miƙe, ba a kishingiɗe ba. Ya ja numfashi kafin ya fara, ya faɗi kalma uku ko huɗu, ya tsaya ya sake ja, kada ya matse sauran iskar sai ya ƙarasa. Ya rage gudu, wannan ita ce dabarar da ta fi yi mana aiki, yana buga yatsa a cinya gaɓa-gaɓa, al-ba-sa, ta-fi-ya, daga baya ma carbinsa ya koma ja, ƙwaya ɗaya gaɓa ɗaya, kuma ya fi son haka don ba wanda zai san atisaye yake. Ya buɗe baki fiye da yadda ya saba, kamar mai yi wa na nesa magana ta gilashin mota. Madubi na taimakawa. Kalmomin kuma ka ɗauko na rayuwarsa, sunayen 'ya'yansa, ruwan alwala, banɗaki, nawa ne, ya yi tsada, ba jerin kalmomin da ba zai taɓa buƙata ba. Mai Fakinsin nasa daban ne, shi a kunnensa yana jin muryarsa daidai alhali ta yi ƙasa, don haka ana horar da shi ne ya riƙa magana kamar yana kiran wani a tsallaken titi. Mai afraksiya kuma maimaici ne maganinsa, kalle ni, saurare ni, mu faɗa tare, sannan kai kaɗai, kuma rera kalmar da ɗan kari kan buɗe masa hanya. Duk wata ka ɗauki muryarsa a waya yana faɗin jimloli guda biyar, su ɗin dai kowane wata, ranar da ya karaya ya ce ba ya samun sauƙi sai ka kunna masa ta watan farko.

Na biyar, allo. Samu kwali mai kauri ka rubuta haruffa manya, boko a gaba ajami a baya in shi ya fi sani, a gefe ka sa lambobi da kalmomin yau da kullum, wanda bai yi karatu ba a manna masa hotuna, kofi, buta, gado, magani, waya, hoton 'yan gidan. Kai shi wajen masu laminetin kada yawu da ruwa su lalata. Ba sai ya rubuta kalma duka ba, yana faɗa yana nuna harafin farko, wannan kaɗai yana rage masa gudu kuma yana ba ka haske. Wasu 'yan uwa sun ce allon zai sa shi lalaci ya daina ƙoƙari, mu akasin haka muka gani, da ya san in baki ya ƙi akwai mafita sai ya fi sakin jiki ya gwada. Kiran waya shi ne mafi wuya don ba a ganin fuska, sai muka koma kiran bidiyo a WhatsApp da mutanen gida, ko saƙon murya gajere wanda za a iya saurara sau uku.

Cin abinci kada a yi wasa da shi. In yana tari ko ƙwarewa in ya sha ruwa, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure bayan ya haɗiye, ko abinci na maƙalewa a kumatu, gaya wa likita, domin abin da ke zamewa huhu yana kawo ciwon huhu mai tsanani. Ruwa tsinkakke ya fi saurin sarƙe su fiye da abu mai ɗan kauri irin koko, amma likitan maganar ce za ta gwada ta faɗi kaurin da ya dace. A zaunar da shi sosai, loma ƙanana, ba hira ana ci, ya zauna kamar rabin awa kafin ya kwanta, a wanke baki bayan nan. Kuma kada a kai shi wajen wanzami a cire beli ko a yanka ƙarƙashin harshe wai ya saki, matsalar daga ƙwaƙwalwa take, yankan ciwo kawai zai ƙara.

Sai fita waje, wanda a garin nan jarabawa ce. Legas ba ta jira, kwandastan danfo ba zai tsaya ka gama "Oshodi" ba, kuma duk wanda ya ji magana a ja abin da zai fara kawowa giya ce ko ƙwaya. An taɓa yi wa Kawu haka a wani banki, mai gadi ya ce a fitar da shi wai ya sha wani abu ne, mutumin da ya je Makka sau biyu, ranar har gida bai ƙara cewa uffan ba. Tun daga nan na buga masa ɗan kati da Turanci da Yarbanci da Hausa, cewa lalura ce ta taɓa maganata, ina jin duk abin da kake faɗa, ka yi haƙuri ka ba ni lokaci, da lambata a ƙasa. Yana aljihun gaba. Kuma ka sani doka na bayansa, akwai dokar tarayya ta 2018 da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, jihar Legas ma tana da tata tun 2011 da ofishin LASODA mai kula da lamarinsu. In kun je wurin likita ko ofis aka juyo ana tambayarka "me ke damunsa", ka ce ga shi nan, tambaye shi, ni zan taimaka in an maƙale.

Wani abu da ba wanda ya gaya mana sai da muka tsorata: bayan irin wannan ciwo wasu sukan fashe da kuka ko dariya ba dalili, ba su iya tsayarwa. Ba aljanu ba ne, ba taɓin hankali ba ne, daga ciwon ne, ka ɗan kawar da hankalinsa zai wuce, kuma a faɗa wa likita. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne shirun da ke zuwa a hankali, ya daina fita masallaci, ya daina karɓar baƙi, abinci ya ragu, wannan damuwa ce kuma tana da magani. Abokansa na majalisa da farko sun yi ta zuwa, bayan wata biyu ƙafa ta ɗauke, ba mugunta ba ce, ba su san yadda za su zauna da shi ba ne. Sai na bi su ɗaya-ɗaya na ce Baba ku zo ku yi hirarku kawai a gabansa, in ya ɗaga hannu ku dakata masa.

Yanzu duk Talata ina kai shi Mile 12 da sassafe kafin rana ta yi zafi. Yaransa ke ciniki, shi yana kan benci da allonsa a cinya da carbi a hannu. Makon jiya wata mai saye ta taya buhu ƙasa da kuɗinsa, yaron har ya fara sassautowa, sai Kawu ya buga sandarsa a ƙasa, ya ja numfashi, ya ja carbi ƙwaya uku, al-bar-ka. Matar ta yi dariya ta ƙara dubu biyu.